Tambaya da Amsa: Me Ya Raba Gasar Poka da Teburin Tsabar Kuɗi?

Wasiƙun wannan karon kusan duk a kan abu guda suka taru, wato bambancin buga poka, wasan katin nan na caca, a gasa da buga ta a teburin tsaba. Duk lissafin da ke ƙasa na nau'in Teksas Holdam ne marar iyakar zubi, wanda kowa ke riƙe kati 2 a hannu, a buɗe 5 a tsakiya. Kafin a raba kati, mutum biyu kan yi zubin dole, ƙarami da babba, kuma da babban zubin muke auna komai.

Tambaya: Bayan gaisuwa, kati 52 ne a nan, 52 ne a can. Hannun da ya fi wani a teburin tsaba shi ne ya fi shi a gasa. To mene ne na cewa dabarun sun bambanta? Ni dai ina ganin ƙarin gishiri ne irin na masu koyarwa.

Amsa: Malam, katin bai canja ba, ƙwandalar wasa da ke gabanka a madadin kuɗi ce ta canja. A teburin tsaba, ƙwandalar dala 5 dala 5 ce, ko da safe ko tsakar dare. Kana iya tashi lokacin da ka ga dama, ka kai ta wurin mai canji, a ƙirgo maka kuɗinka. In jarinka ya ƙare, ka sa hannu aljihu ka sayo wani. Saboda haka tambaya ɗaya ce a gaban ɗan tsaba a kowane hannu: in na maimaita wannan matakin sau dubu, riba zan samu ko asara? In akwai riba, ko ta kwabo ce, ya shiga.

A gasa kuwa kuɗin shiga ka biya sau ɗaya, aka ba ka ƙwandalolin da ba sa sayen komai a waje. Ba a biyan ka gwargwadon yawansu, ana biyan ka ne gwargwadon matsayin da ka fita. Wanda ya lashe gasa shi ke tattara kowace ƙwandala da ke ɗakin, amma ba ya tafiya da duk kuɗin. A babbar Gasar Poka ta Duniya da ake yi a Las Vegas, kuɗin shiga dala 10,000 ne. A 2023 mutum 10,043 suka shiga, Daniel Weinman ya kwashe ƙwandaloli kaf, amma dala miliyan 12.1 ya karɓa, wato wajen kashi ɗaya cikin takwas na abin da aka tara. Sauran ya tafi ga mutanen da suka tashi ba ƙwandala ko ɗaya a gabansu.

Ga yadda abin yake a ƙaramin teburi. Mutum uku suka rage. Kyaututtuka dala 500, 300 da 200. Na farko yana da ƙwandala 50,000, na biyu 30,000, na uku 20,000. Akwai tsarin lissafi da 'yan wasa ke kira ICM, wanda tushensa aikin David Harville ne na 1973 a kan tseren dawaki, daga baya Mason Malmuth ya shigo da shi poka. Tsarin ya ɗauka cewa damar kowa ta zama na ɗaya daidai take da kasonsa na ƙwandaloli, daga nan a lissafa damar zama na biyu da na uku. In ka bi shi, jarin mai 50,000 darajarsa kimanin dala 384 ce, na mai 30,000 kimanin 327, na mai 20,000 kimanin 289. Dubi da kyau: mai rabin ƙwandalolin bai kai kashi 40 cikin 100 na kuɗin ba, mai kashi 20 kuma ya doshi kashi 29. Abin da wannan ke nufi shi ne ƙwandalar da ka ci ba ta kai darajar wadda ka rasa ba. Daga nan kusan duk sauran bambancin ya taso.

Bambanci na biyu shi ne agogo. A tsaba zubin dole yana nan yadda yake har a tashi. A gasa yana hawa lokaci-lokaci, ko ka buga ko ba ka buga ba.

Tambaya: A teburin tsaba ina da haƙuri, ina jiran kati mai kyau, kuma abin yana yi mini. Amma duk gasar da na shiga sai in ga jarina yana narkewa ban yi wani kuskure ba, in fita da hannun da ko kallonsa ba zan yi ba a tsaba. Ina matsalar?

Amsa: Ɗan'uwa, jiran shi ne kuskuren. A tsaba, zagaye ɗaya na teburi babban zubi ɗaya da rabi yake ci maka daga cikin 100 da ka zauna da su, kuma kana iya cike gurbin nan take. Haƙuri a can arha ne. A gasa akwai ƙarin zubin da ake kira ante, wanda a yawancin gasannin yanzu mai babban zubi ne ke biya a madadin kowa, daidai da babban zubin. Zagaye ya koma biyu da rabi kenan, kuma farashin yana tashi.

Ka daina ƙirga ƙwandala da lambarta, ka riƙa raba ta da babban zubi. Kana da 20,000, zubi 500 da 1,000, ante 1,000. Babban zubi 20 ke gabanka, kowane zagaye yana cin 2,500, zagaye 8 ya rage maka in ka naɗe hannu. Da an hau zuwa 800 da 1,600, zagaye ya zama 4,000, jarinka ya koma babban zubi 12 da rabi, zagaye 5, alhali ba ka buga hannu ko ɗaya ba. Wannan lissafin zagayen shi ake kira M. Paul Magriel ake danganta shi da shi, Dan Harrington, zakaran duniya na 1995, ya yaɗa shi, ya kuma yanka shi gida-gida: sama da zagaye 20 kana da sarari, 10 zuwa 20 ka fara takura, 6 zuwa 10 ka shiga matsi, ƙasa da haka kuma mataki ɗaya ya rage maka, tura duka ko ajiye kati. A teburin ido-da-ido ana raba hannu 25 zuwa 30 a awa, kusan zagaye uku kenan. As biyu kuwa, hannun da ya fi kowane ƙarfi kafin a buɗe katunan tsakiya, sau ɗaya suke zuwa a hannu 221. Yi lissafin da kanka ka ga ko za su riske ka da rai.

Maganin shi ne satar zubi, wato ka ɗaga zubi don kowa ya ajiye kati ka kwashe abin da ke tsakiya, kuma lissafinta ya fi sauƙi a gasa. A tsaba, in ka ɗaga zuwa babban zubi 3 don cin 1.5 da ke tsakiya, sai abokan wasa sun ajiye sau 2 cikin 3 kafin ka mayar da kuɗinka, in ba a lissafa damar cin hannun daga baya ba. A gasa mai ante, ka ɗaga zuwa 2.2 don cin 2.5. Raba 2.2 da 4.7, za ka samu kashi 47 cikin 100. Ko rabin lokaci ba ka buƙatar su ajiye. Shi ya sa za ka ga ƙwararru suna ɗagawa kaɗan-kaɗan amma a kai a kai, musamman daga kujerar mai rabo da wadda ke damanta, inda mutum biyu ko uku kawai suka rage a bayansu.

Haka abin yake in kai ne mai babban zubi. Wani ya ɗaga zuwa 2.2, tulin da ke tsakiya ya zama 4.7, kai 1.2 kawai za ka ƙara. Damar ci ta kashi 20 cikin 100 ta isa a takarda. A tsaba, in an ɗaga zuwa 3, kana buƙatar wajen kashi 31, ga la'adar gidan wasa da za a yanka daga tulin. Don haka hannuwa da yawa da ka saba zubarwa a tsaba sun cancanci karewa a gasa. Sai dai ka rage wani abu daga wannan lissafin, domin kai za ka riƙa fara magana a kowane zagayen zubi bayan an buɗe katunan tsakiya, kuma wannan rauni ne.

Idan jari ya sauko babban zubi 10, ka bar ɗagawa kaɗan. In ka ɗaga 2.2 wani ya turo duka, ko ka ajiye ka rasa fiye da kashi ɗaya cikin biyar na jarinka, ko ka amsa ba da son ranka ba. Kai ka fara turawa. Mu ce kana kujerar mai rabo, kowa ya ajiye, ka tura 10. A ɗauka sau 70 cikin 100 za su ajiye, ka ci 2.5. Sau 30 mai babban zubi ya amsa, kai kuma damarka kashi 38 ce kawai a tulin 21.5, wato 8.2 za su dawo maka a matsakaici, asarar 1.8. Haɗa: 0.7 sau 2.5 ya ba da 1.75, 0.3 sau 1.8 ya ba da 0.55, riba 1.2 a kowace turawa. Hannun da yake baya in an amsa ya zama mai riba saboda yawan ajiyewar da ake yi masa. Amma wannan ƙarfin yana ƙarewa. Da ka bari jari ya koma babban zubi 4, babu wanda zai ji tsoronka, kowa amsawa zai yi.

Tsakanin 15 da 25 akwai wani makamin: wani mai yawan sata ya ɗaga zuwa 2.2, kai ka tura duka a kansa. In ya ajiye ka ɗauki 4.7, wanda ya haura kashi ɗaya cikin huɗu na jarin babban zubi 18, ba tare da an buɗe kati ko ɗaya ba. Abin da ke ɓata wannan shi ne yin sa a kan wanda ya ɗaga daga kujerun farko, domin shi yawanci da gaske yake.

Tambaya: Ƙananan tagwaye irin 4-4, da kati masu bin juna masu alama ɗaya irin 7-6, su ne suka fi kawo mini kuɗi a tsaba. A gasa kuma su ke cinye ni. Rashin sa'a ne?

Amsa: A'a, Malam, zurfin jari ne. Mai 4-4 yana neman 4 na uku a katunan farko uku da za a buɗe, kuma hakan na faruwa kimanin sau 12 cikin 100, sau ɗaya a takwas da rabi. Sauran lokutan ajiyewa zai yi. Kafin abin ya biya, sai ya ci mai yawa ranar da ya dace, kuma ba kullum abokin karawa ke da hannun da zai biya shi ba. Saboda haka ake cewa abin da ya rage a baya, naka ko na abokin karawa, duk wanda ya fi ƙanƙanta, ya kai ninki 15 na abin da za ka biya. A tsaba ka biya 3, saura 97, ya haura ninki 30. A gasa da jarin 25, ka biya 2.2, saura 22.8, ninki 10 kawai. Kati ɗaya ne, amma a nan asara ce.

Su 7-6 ma haka. In ka samu huɗu masu alama ɗaya bayan buɗin farko, kati 9 ke cika maka biyar ɗin da ke zama hannu mai ƙarfi: damar kusan kashi 19 a kati na huɗu, kashi 35 in za ka ga duka biyun. Irin wannan hannu yana son sarari, ya biya kaɗan yanzu, ya ci da yawa daga baya, ko ya yi burga a kati na biyar. Gajeren jari ba ya ba da wannan sararin. Da jari ya gajarta, manyan kati ke yin daraja: A-10, K-Q (A shi ne As, K Sarki, Q Sarauniya), ko As da kowane ɗan rakiya daga kujerun ƙarshe. Su 4-4 ɗin ba su mutu ba, aikinsu ne ya canja, daga hannun amsawa zuwa hannun turawa duka.

Tambaya: Mun rage mu huɗu, uku za a biya, jarinmu kusan ɗaya. Wani ya tura duka, ina riƙe da A-K, na amsa, ya buɗe 9-9, na fita hannu rabbana. Abokaina sun rabu biyu a kan ko na yi daidai. Ku raba mana gardama.

Amsa: A teburin tsaba da ba mu ce komai ba. A nan kuwa, ɗan'uwa, sai mun ɗan ja maka kunne, kuma ba don ka faɗi ba. Ko da ka ci, lissafin bai canja ba.

Mu sa kyaututtukan nan na 500, 300 da 200, kowa da ƙwandala 25,000. Darajar jarin kowa dala 250 ce. In ka amsa ka ci, kana da 50,000, sauran biyu 25,000 kowanne. Damarka ta zama na ɗaya rabi ce, ta na biyu kashi ɗaya cikin uku, ta na uku ɗaya cikin shida. Jimilla dala 383. Ƙwandala ta ninka, amma kuɗi dala 133 kawai ya ƙaru. In ka faɗi kuma 250 ɗin gaba ɗaya ta tafi. Raba 250 da 383, kashi 65 cikin 100 kenan. Wannan ita ce damar da kake buƙata kafin amsawa ta yi daidai da ajiyewa, in aka ajiye batun zubin dole gefe. A tsaba kashi 50 ya wadatar.

A-K masu alama daban, ko da abokin karawa bai duba katinsa ba ya tura, damarsu wajen kashi 65 ce. A gaban tagwaye irin 9-9 ba su kai rabi ba, wajen 45 suke. Sai in ka tabbata mutumin da kowane tarkace yake turawa, sannan ka iso kan layi da ƙyar. Manyan tagwaye su ne hannuwan amsawa a irin wannan wuri: Q-Q na da kusan kashi 80 a gaban hannun da ba a zaɓa ba. Ina sauran dala 117 da ta ɓace tsakanin 500 ɗin ku biyu da 383? Tana aljihun mutum biyun da suka ajiye kati suna kallo. Duk karon da aka yi a bakin gaɓar shiga kuɗi, wato lokacin da mutum ɗaya ya rage ya fita a fara biya, 'yan kallo ke fara cin riba.

Wani abin lura: wanda ya fara turawa ya fi mai amsawa samun sauƙi nesa ba kusa ba, domin yana da hanya biyu ta ci, ko a ajiye masa ko katinsa ya yi nasara. Mai amsawa hanya ɗaya gare shi. David Sklansky ya daɗe da bayyana cewa hannun amsawa sai ya fi hannun farawa ƙarfi, kuma a bakin gaɓa wannan tazarar tana buɗewa sosai.

Matsin ba ɗaya yake a kan kowa ba. Mai babban jari ba wanda zai iya fitar da shi a hannu ɗaya, don haka wannan lokacin girbinsa ne, ya riƙa ɗagawa a kai a kai. Amma ba masu ƙaramin jari zai fi takura wa ba, su ba su da abin asara sosai kuma za su amsa. Masu matsakaicin jari su ne abin farautarsa, domin su ke ganin wani na dab da fita, ba sa son riga shi. In kai ne na tsakiyar, ka guji karo da wanda ya fi ka, ka matsa wa waɗanda ka fi. A manyan gasanni, inda ake biyan wajen kashi 15 cikin 100 na mahalarta, ana komawa buga hannu ɗaya-ɗaya a duk tebura lokaci guda idan an zo gaɓar, don kada wani ya yi ta jan ƙafa. Kada dai tsoro ya wuce kima. Kyautar farko a irin waɗannan gasanni ba ta cika wuce ninki biyu na kuɗin shiga ba, manyan kuɗin suna teburin ƙarshe. Wanda ya bar jarinsa ya narke zuwa babban zubi 3 don ya tsira da ƙaramar kyauta ya sayar da damarsa da arha. Teburin ƙarshe, inda kowane mataki ke da tsalle mai yawa, nan ne lissafin ICM ya fi cizo.

Inda abin ya kai maƙura shi ne gasar neman gurbi, inda kyautar ita ce kujera a wata babbar gasa, irin wadda Chris Moneymaker ya bi ta intanet ya shiga babbar gasar 2003, ya zama zakara cikin mutum 839, ya karɓi dala miliyan 2.5. A irinta kyautar kowa ɗaya ce. Gurbi 10, mutum 11 suka rage, jarinka matsakaici, akwai mutum biyu da ko babban zubi ɗaya ba su cika ba. Wanda ya fi ka jari ya tura duka, ka duba ka ga As biyu. Ajiye su. As biyu na faɗuwa sau 15 zuwa 20 cikin 100, ƙarin ƙwandala ba zai ƙara maka komai ba, kuma damar ka samu gurbi in ka zauna shiru ta fi haka nesa. A teburin tsaba wanda ya ajiye As biyu kafin buɗi ya yi wauta, a nan kuma shi ne mai hankali.

Tambaya: Ni akasin sauran ce. A gasa na koya, yanzu na fara zama teburin tsaba, kuma manyan tuli nake rasawa. Me zan gyara?

Amsa: Malama, abin da muka fi gani ga 'yan gasa shi ne son tagwayen sama fiye da kima, wato inda katin hannu ya dace da mafi girman katin da aka buɗe. Kina da A-Q, aka buɗe Q-8-3. Da jarin babban zubi 20, ki tura ki huta. Da 100 ko 200, in kuɗin duka suka shiga tsakiya, wanda ya yarda ya zuba wannan adadi yawanci yana riƙe da 8-8, 3-3, K-K ko A-A. Ki riƙa raba jarin da ya rage da girman tuli da zarar an buɗe katunan farko. In amsar 3 ce ko ƙasa, tagwayen sama da ɗan rakiya mai kyau sun isa a tafi duka. In ta haura 10, ki zuba sau ɗaya ko biyu, ki bar tulin ya tsaya madaidaici, kuma in aka ɗaga miki da ƙarfi a kati na huɗu ko na biyar ki yarda cewa an wuce ki.

Sai girman ɗagawa: 2.2 ya yi kaɗan a teburin da ba ante kuma mutane ke son ganin buɗi. Ki koma 2.5 zuwa 3, ki ƙara babban zubi ɗaya a kan duk wanda ya riga ya shiga ba tare da ɗagawa ba. Ki cike jarinki duk lokacin da ya ragu in kina ganin kin fi teburin, domin ranar da babban hannu ya zo, iya abin da ke gabanki za ki ci. Ki kuma cire tunanin tsira daga ranki. In damarki kashi 53 ce a tulin da kowa ya zuba daidai, ki shiga, babu gaɓar da kike jira. Abu na ƙarshe, wanda gasa ba ta koya wa kowa: ke ke zaɓen teburi, ke ke zaɓen lokacin tashi. Teburin da kowa ya iya wasa, la'ada ce kaɗai ke cin riba a kansa.

Farkon gasa mai zurfi, a gaskiya, wasan tsaba ne da wani suna. A babbar gasar Las Vegas ana farawa da ƙwandala 60,000, zubi 100 da 200, babban zubi 300 kenan, kuma kowane mataki awa 2 ne. A irin wannan wuri duk abin da muka faɗa miki yanzu shi ke aiki.

Tambaya: Wanne ya fi buƙatar kuɗin ajiya?

Amsa: Gasa, kuma tazarar babba ce. Abin da aka saba ba da shawara shi ne kuɗin zama 20 zuwa 40 ga ɗan tsaba, kuɗin shiga 100 ko fiye ga ɗan gasa, ya kuma ninka in gasannin na dubban mutane ne. Dalili a fili yake. Wanda ke shiga kuɗi sau 15 cikin 100, damar ya buga gasa 10 a jere bai karɓi komai ba wajen kashi 20 ce, ta gasa 20 a jere kuma wajen kashi 4, wanda dole ya same shi in ya daɗe yana wasa. Ribar shekara kan fito ne daga gasa biyu ko uku da ya kai ƙarshe. Tsaba ma ba lafiya lau ba ce. Ɗauki mai cin babban zubi 5 a kowane hannu 100, wanda hawa da saukarsa ke kai 90 a ma'aunin lissafi. Bayan hannu 10,000 ana sa ran ribar 500, amma kaucewar ta kai 900, don haka kusan sau 3 cikin 10 zai tarar da kansa a asara duk da ya fi abokan wasansa.

Ka sa la'ada a lissafi. A gasa ana karɓar ta tun a ƙofa, sau da yawa wajen kashi 10 na kuɗin shiga. A tsaba ana yankar ta daga tuli, da iyakar da ba ta wucewa, shi ya sa ta fi ciwo a ƙananan tebura. Tunda gidan wasa na ɗaukar nasa kafin kowa, yawancin masu bugawa asara suke yi a dogon zango. Wannan caca ce, ko da gwaninta a cikinta, kuma kuɗin da ake buƙata don wani abu ba ya zama kuɗin ajiyar wasa. Gasannin da ke barin a sake shiga bayan an fita su suka fi yaudara: mutum ya ce ta dala 50 ya shiga, alhali sau huɗu ya biya.

Tambaya: Mun kai mu uku a teburin ƙarshe, mai babban jari ya ce a raba kuɗin gwargwadon ƙwandala a tashi. Ni ne ƙarami. In yarda?

Amsa: Ka fara tambayarsa wane irin rabo yake nufi, Malam, domin iri biyu ne, kuma sai kowa ya amince, mai kula da gasa ya shaida, kafin ya zama magana. Mu koma misalinmu: 50,000, 30,000, 20,000, kyaututtuka 500, 300, 200. A rabon ƙwandala, kowa ya fara ɗaukar 200 da ya riga ya tabbatar, a raba ragowar 400 gwargwadon jari. Babba ya samu 400, na tsakiya 320, kai 280. A rabon ICM kuwa 384, 327, 289 ne. Ka ga dalilin da ya sa shi ya kawo shawarar: rabon ƙwandala kullum babban jari yake fifitawa, kuma in tazarar ta yi yawa har yakan ba shi fiye da kyautar na ɗaya, abin da ba zai taɓa samu ba ko ya buga ya ci.

Ka nemi a yi da ICM, akwai manhajoji kyauta da ke fitar da shi a waya cikin daƙiƙa. Sannan ka duba abubuwa biyu da lissafin ba ya gani. Na ɗaya, wa babban zubi zai faɗa wa a hannu na gaba: in kai ne, kuma jarinka bai wuce babban zubi 5 ba, darajarka ta gaskiya ta ɗan gaza abin da manhaja ta nuna, don haka ko an rage maka kaɗan ka karɓa. Na biyu, gwaninta: in jarin kowa ya haura babban zubi 30 kuma ka fi su iya wasan mutum uku, ka nemi ƙari a kan lambar ko ka ce a ci gaba da rabon kati.